Hoto Yana Nan, Haske Ne Babu

A El Alto, inda numfashi ke da tsada,
sanyi kan riga ni isa bakin shago.
Motocin igiya na ratsawa ta saman rufi,
ja da shuɗi, reto-reto, cike da masu sammako.
Ni ce Nélida, mai gyara a layi na uku,
tebur ɗaya, fitila ɗaya, kusoshi a murfin kwalba.

Jiya Don Fermín Ticona ya zo,
mai busa ƙahon tagulla a bikin unguwa.
Ya rufe kwamfutarsa a kan bakin ƙaho,
gilashin ya dare kamar ƙanƙarar kududdufi.
Kiɗan shekara tara na ciki, in ji shi,
ga shi ran Asabar za a taka rawa.

Na cire tsoho, na sa sabo,
na ɗaure kusa huɗu, na danna.
Fanka ta yi tari, ta kama juyi,
'yar fitilar gefe ta ce da rai.
Amma fuska baƙi ƙirin.
Ni kaɗai nake gani a ciki,
da hular ulu, da baki sake.

To.
Na zare caja, na danne madanni,
na ƙirga talatin kamar mai jiran tafasa.
Shiru.
Na ciro 'yan allunan ƙwaƙwalwa,
na hure, na mayar, har suka ce ƙas.
Shiru dai.
Na ƙirga haƙoran siririyar waya,
talatin, na ramin ma talatin,
ashe ba cinikin biri a sama na yi ba.
Na sake tura ta a hankali, na manne,
na bi ta har maƙogwaron murfi
ko ta maƙale a wurin naɗewa.
Lafiyarta lau.

Doña Casilda mai kunun jar masara
ta ara mini talabijin ɗinta, tana mita.
Na haɗa waya, sai ga hoto tar:
maza goma sha biyu da ƙahoni,
Fermín a tsakiya, kumatu kamar an cusa lemo.
Ciki kalau ke nan.
Ciwon yana tsakanin ciki da fuska.

Sai na kashe fitilar tebur,
na kunna tocila, na kara ta a karkace.
Can ƙasa, can cikin duhun gilashi,
ga su nan dishi-dishi,
su goma sha biyun, tsaye,
kamar masu jira a ɗakin da aka ɗauke wuta.
Hoto yana nan.
Haske ne babu.

Nan gabana ya faɗi.
Batir.
Ban cire batir ba kafin in taɓa waya.
Shekara shida ina faɗa wa yara a cire,
jiya yunwa ta sa na tsallake.
Sauri ya haifi nawa.
Na ɗora mita a kan fis, ko ƙyas,
abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba
ya hana gari wayewa.

A aljihun tebur ina da matattun kwamfutoci,
ɗaya ta ba da aron nata ba gardama.
Dalma ta narke, hannuna na rawa,
sanyi ne ko kunya, ban tantance ba.
Na cire batir, yanzu kam, sau biyu na duba.
Na mayar, na danna.

Haske ya taso daga ƙasa
kamar rana a bayan Illimani.

Da la'asar ya zo, ya tambayi kuɗi.
Na ce na gilashi kawai,
fis ɗin ni na ƙona, ni na biya.
Ya dube ni, ya dubi fuskar, ya yi dariya,
ya ce shi ma ya taɓa busa kuskure
a gaban coci, ranar auren ƙanwarsa.

Zai rufe murfin, sai ya dakata.
Ya shafa madannai da tafin hannu,
ya laluba aljihu,
ya ji bakin ƙahon na nan,
sannan ya rufe.