Hanci Kafin Hatimi

Ƙarfe biyar na asuba a Farin Gada,
sanyi ya bi ta ƙarƙashin mayafina.
Motocin Bokkos sun yi layi, fitilu a kashe,
dankali na barci cikin buhu, raɓa ta kwanta kan kabeji.
A hannuna akwai hatimi sabo fil,
tawadarsa ba ta taɓa ganin takarda ba.

Mako uku na yi a Abuja.
An zaunar da mu ɗaki mai sanyin inji,
an nuna mana taswirar duniya da jajayen kibau,
riɗi ya tashi daga nan ya haye teku,
wake ya tafi, an shinshina shi a bakin wata gaɓa,
an maido shi, kunya cike da kwantena.
Suka ce ke ce gobe, ke ce jagora.
Na karɓi takarda, na yi murmushi a hoto.

Amma kafin Abuja akwai Ngo Kangyang.
Shekara talatin tana tsaye a wannan ƙofa
ba ta taɓa rubuta sunanta ba.
Takan cusa hannu cikin buhu har gwiwa,
ta ɗebo na can ƙasa, ta kai hanci, ta yi shiru.
"Saman buhu kwalliya ce," in ji ta,
"gindinsa ke faɗin gaskiya."
Ita ta koya mini warin masarar da ta sha damshi,
da ɗacin gyaɗar da funfuna ta riga mu ci,
da tumatirin da aka yi wa feshi jiya, aka tsinka yau.

Yanzu ciwon ƙafa ya zaunar da ita a Kabong.
Bencinta ne wannan. Ya yi mini faɗi.

Mota ta huɗu wake ce.
Na san mai kayan tun daga tarinsa:
Yaya Sallau, wanda ya sayar da babur ɗinsa
shekarar da zan zauna jarrabawa.
"Uwani, buga mana mu wuce, rana na yi."

Na naɗe hannun riga.
Na cusa har gwiwa.
Warin ya tashi ya tokare mini maƙoshi,
fari tas, ko huda ɗaya babu.
Waken da ƙwaro ya ji tsoro,
shi za a jiƙa wa mai ƙosai a Taminus?
Shi yaro zai saya da naira ɗarinsa
ya ci a tsaye, jaka a baya?

Ba a koya mana wannan a Abuja ba,
yadda hannu ke nauyi
in mai laifin ya taɓa goya ka.

Na mai da hatimin aljihu.
Ya dube ni, ya dubi direba, ya yi dariyar da ba ta da daɗi:
"Ashe abin da na saya da babur ke nan."
Kasuwa ta yi tsit, har masu dako.
Na ce, "Shi ne, Yaya."

Ranar Asabar na je rumbunsa
da buhunan nan masu ciki uku, waɗanda iska ba ta shiga,
na ɗaure ɗaya a gabansa, na nuna masa ƙullin.
Bai ce komai ba. Bai kuma kore ni ba.
Kwana goma sha ɗaya yau bai amsa gaisuwata ba.
Ina ƙirgawa.

Akwai wata yarinya, Nanret, mai tallan ruwa,
kullum tana tsaye bayana tana leƙe.
Da safen nan na ce ta ajiye bokitin.
Ta taɓa saman buhu da yatsa biyu, tana jin kunya.
Na kama hannunta.
Na ce, ƙasa.
Ƙara ƙasa.