Taru Biyu a Dangriga

Ƙarfe biyar da rabi, teku bai gama hamma ba,
ni kuwa na riga na ɗaura muryar ofis,
na aza kwamfuta bisa teburin
da Mama ke kankare rogo a kai.

Kamfanin da nake wa aiki yana can arewa mai nisa,
inda ruwa ke sandarewa a cikin famfo.
Su bugo su ce na'urar ɗumama ɗaki ta mutu,
in ce, "A yi haƙuri, mai gyara na nan tafe,"
gumi na bin gadon bayana kamar jerin tururuwa.
Ban taɓa ganin ƙanƙara na saukowa kamar auduga ba,
amma na san abin da take ci wa mutum a wata.

Babana Teofilo yana gindin kwakwa,
yana ɗinkin taru da yatsun da gishiri ya cinye.
Ya ce, "Delcia, wannan yanar gizon taki,
ko ɗan kifi ɗaya ta taɓa kamowa?"
Na ce ta kamo maganin hawan jininka.
Bai tanka ba. Ya tsinke zare da haƙori.

Bana ma ciyawar teku ta cika gaɓa,
jajir, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai.
Kwale-kwale uku sun kife bisa yashi
sun ba sama baya, kamar masu fushi.

Benen Ambrosine, wani saurayi ya kama shi,
baƙo ne, jar fata, shi ma da tasa kwamfutar.
Rijiya ɗaya muke ja ni da shi,
sai dai gugansa ya yi nawa goma.
Kuɗin haya ya hau, ya ƙi saukowa.
Ambrosine ta kwashe tukwanenta
ta koma bayan gari, inda ba a jin igiyar ruwa.
Yana gaishe ni da fara'a. Ina amsawa.
Me zan ce masa?

Ran Talata wata tsohuwa ta bugo,
Misis Halvorsen, kwana biyu cikin bargo uku.
Ina cikin rubuta lambar gidanta
zakaran maƙwabta ya kwarara cara.
Doka ce, kada a ji komai sai muryata.
Ta ce, "Mene ne wancan?"
Na ce zakara ne, ki gafarce ni.
"A'a, na bayansa, mai numfashin nan."
Na ce teku ne.
Ta yi jim. Ta ce, "'Yata, kada ki kashe."

Minti huɗu aka yanka wa kowane kira.
Na zare abin magana daga kunnena
na miƙa shi ta taga, wajen ruwa.
Teku ya yi ta shigowa yana komawa,
bai san da wa yake magana ba.
Minti goma sha ɗaya.
Can na ji ta tana jan hanci,
ko sanyi ne, ko wani abu, ban tambaya ba.
Kafin azahar jan layi ya fito gaban sunana.

Da yamma aka ɗauke wuta, kamar an san na gaji.
Na rufe kwamfuta, na kwance muryar ofis
na rataye ta a ƙusa, kusa da hular Baba.
Mama na kirɓa agade a turmi,
miyar kwakwa na tafasa da kifi biyu kacal.

Baba ya ce, "To, yau me tarunki ya kamo?"
Na ce wata tsohuwa, can cikin sanyi.
"Kin riƙe ta?"
Na ɗan riƙe, na sake ta.
"An biya ki?"
An ma yanke mini.

Ya dubi teku, ya dubi kwanona,
ya ɗauko kan kifin da ke gabansa
ya sa mini.