Wayifai ɗin Tasi'u Tela

Can saman shagon Tasi'u a Fagge
ɗan farin akwati ya kafa ƙaho biyu,
korayen idanunsa na ƙiftawa, ba barci.

Ba igiya, ba zare,
amma ya ɗaure wayoyi goma sha biyu.
Muryarsa na ratsa bangon ƙasa,
sai ta dushe a soron Hajiya Gambo.

Samarin layi sun gwada sunan matarsa,
sun gwada lambar babur ɗinsa,
ƙofa ta ƙi buɗuwa.
"Ɗari biyu," in ji shi, ƙafa na kan keke.

Bayan la'asar aka ɗauke wuta,
idanun suka rufe.
Muka ɗaga kai daga tafin hannu,
ashe Ɗanliti ya aske gemu tun shekaranjiya.