Ninkin Fuskar Gatsine

Ƙarfe bakwai na safe, a bayan wani gida a Bompai,
nakan durƙusa a gaban kare.
Kada ka yi dariya tukuna.
Albashi ne, na sani,
amma bari in kai ƙarshen zancen.

Sunansa Gatsine, ni na raɗa masa.
Maigida, Injiniya Bulus, yana kiransa da sunan da ke takarda,
ko kunne ba ya kaɗawa.
Buldok ne, gajere, ƙirji kamar turmi,
fuska kamar an ɗinka wa yaro rigar babba
aka tattare ragowar yadin a kan hanci.

Kwano ɗaya na ruwan ɗumi. Auduga. Tawul biyu.
Da babban yatsa nake ɗaga ninkin farko,
wanda ya kwanta bisa dakakken hancin nan.
Can ciki wata unguwa ce daban:
gumi, ɓurɓushin abincin jiya,
hawayen da suka gangaro suka rasa hanyar fita,
da tsami irin na ƙullun da ya kwana uku.
In share, in jefar da audugar, in ɗauki sabuwa.
Ba a kai dattin wannan lungu zuwa wancan.

Damina ta fi ba mu wuya.
Iska jiƙe, bango jiƙe, tawul ya ƙi shan rana.
Ranar da wurin ya yi jawur
har yana gurza fuska a tayar mota,
muka tafi asibitin dabbobi na Gwale.
Dakta Ladidi ta buɗa ninkin, ta shinshina, ta dube ni:
"Tanko, wankewa ba ita ce aikin ba. Busarwa ce."

Na sunkuyar da kai,
domin na taɓa jin maganar nan
shekara talatin baya, a majema,
daga bakin ubana, hannunsa baƙi ƙirin da bagaruwa:
"Fata ba ta tsoron ruwa, yaro.
Ruwan da ya ɓuya a ninki, shi ke cin ta."
Shi fatar akuyar da aka yanka yake nufi.
Ni ga ni da mai rai,
tana huci, tana dalala a tafin hannuna.

Tun daga ranar, tawul ne sarki.
Ƙarƙashin ido, gefen leɓe, tsakanin yatsu,
da ramin nan na ƙasan guntuwar wutsiya
inda ba mai son kai hannu.
Yakan lumshe ido, ya jingina haɓa a gwiwata
da nauyin buhun gishiri.

In na gama, sai bakin famfo.
Sau bakwai, ɗaya da ƙasa, yadda aka koya mini.
In sake riga.
Yakan bi ni da kallo a murtuke,
ba fushi ba ne, fuskar ce haka.

Da yamma adaidaita sahu ta sauke ni a Ƙofar Wambai.
Baba na kwance, shekara biyu ke nan.
Hannun da ya jeme fatu dubu ya saki,
tasa fatar ta tattare a wuya, a hammata, a bayan gwiwa.
Ƙannena na yi masa wanka a gaggauce,
su zura masa riga jikinsa da lema.
Na ce, ku ba ni.

Ruwan ɗumi. Tsumma mai laushi, sannan busasshe.
Ɗan man kaɗanya a kan yatsa, inda ya fara ja.
Lungu-lungu, ba gaggawa.
Ya lumshe ido.
Can ya ce, da muryar da ta rage masa,
"Wa ya koya maka wannan?"

Na buɗe baki, na rufe.
Na ce, "Kai ne, Baba."

Ban yi ƙarya ba.
Rabin gaskiyar ke nan.
Ɗaya rabin yana Bompai, ƙarƙashin bishiyar mangwaro,
yana minshari.