Kafin Alƙalami

Nazifi, tunda ka ajiye aikin albashi
ka sayo kwamfuta 'yar gwanjo a titin Bairut,
jawo kujerar nan, a hankali, ƙafarta ɗaya ta gaji,
in faɗa maka abin da shekara tara ta koya mini
a wannan ɗaki na Hotoro mai taga ɗaya.

Aikina na fari na wani mai shadda ne a Kantin Kwari.
Alhaji Ɗan'azumi ya ce, "Yi kawai, ai duk gida ne."
Kwana arba'in ina jera masa kaya a shafi,
kowane da hotonsa, kowane da farashinsa.
Ya duba, ya ce madalla,
ya miƙo yadi biyar da kuɗin adaidaita.
Na ɗinka. Har yau nakan sa rigar
duk ranar da nake son gaisawa da wautata.

To, kafin alƙalami.
Rabi a hannu kafin yatsanka ya taɓa madanni.
Wanda rabi ya yi wa nauyi
ba ranar da duka zai yi masa sauƙi.
Ku rubuta, ko a bayan rasit ne:
shafi nawa, ranar miƙawa, gyara sau nawa.
Biyu kyauta, na uku da kuɗinsa,
ko da cewa aka yi, "Ɗan ƙara wa koren nan haske."
Wata mai turaren wuta a Gwammaja
sau goma sha ɗaya ta sa na sauya launi,
ta dawo ta zaɓi na farko.

Za a ce maka wani yaro a Kabuga zai yi a rabin kuɗi.
Gaskiya ne, zai yi.
Wata uku shafin ya mace,
su dawo suna sosa ƙeya.
Kai dai lissafa data, lissafa fetur,
lissafa daren da aka ɗauke wuta kana tsakiyar lodi,
ka sa har da gadon bayanka.

Sunan shafi, saye shi da sunan mai shi.
Ajiya ce, ba gado ba.
Ranar sabuntawa kuwa rubuta ta a bango.
Na taɓa mantawa,
shafin wani asibiti a Tarauni ya kwana uku a rufe.
Likita Indo ba ta yi faɗa ba.
Na gwammace da ta yi.

Aljihu biyu za ka ɗinka.
Kuɗin aiki ba ya zuwa cefane sai ka yanka wa kanka albashi.
Watan da ya yi albarka, ware na watan shiru,
yana nan tafe, yawanci bayan Babbar Salla,
sa'ad da kuɗin kowa ya zama soye a cikin kwalla.
Kuma kada mutum ɗaya ya zama shi ne rijiyarka,
ranar da ya yi tafiya, da me za ka yi alwala?

Kawu zai zo, yana so a yi wa makarantarsa.
Faɗi farashin dukansa tukuna,
sannan ka rage, ko ka yafe, ruwanka.
Ya dai san girman abin da ya karɓa.

Bayan isha'i kife wayar.
Wanda ka amsa wa ƙarfe ɗayan dare
gobe ƙarfe biyu zai kira.
Da safe kuma ka fita,
aiki ba ya sallama a ƙofar ɗaki.
Yana can Singa tsakanin katan-katan,
yana Ƙofar Wambai wajen masu takalma
da ba su san suna bukatarka ba
sai ka nuna musu a tafin hannunka.

Iyakar ta yau ke nan, kuma kyauta ce.
Ta gobe da kuɗinta.
Tashi, fanka ta motsa, an kawo wuta,
sa caji tun ba su tuna da mu ba.