Auduga da Siminti

Shekara ashirin da shida Baffa Gidaɗo ya yi
tsakanin Ashaka da Kumo,
yau siminti, jibi auduga.
Yanzu yana ta rufe masa ido.
Kan tsohuwar taya yake wuni, bayan Tashar Dukku.
Ya ce, "Hansatu, me kike ta zanawa har fitila ta mutu?"

Na ce, "Kumbo ne, Baffa, gaɓa-gaɓa kamar rake.
Ta ƙasa ta ƙone, ta faɗo.
Ta sama ce ke hana ni barci,
ita ke ƙarasa tafiya
inda ba iska, ba gareji, ba mai kama maka turi.

Mai iri biyu ke gabana.
Haidurojin, kowane kilonsa yana kai ka nesa,
amma ɗan cin wuri ne,
sai an ƙera masa tanki kamar rumbu,
a naɗe shi, a lallaɓa,
ya ji ɗumi kaɗan ya sulale.
Kananzir kuwa, ɗan'uwan na fitilarmu, an dai tace shi,
ɗan tanki ya ishe shi,
ba ya yaji, ba ya tsiya,
turinsa ne bai kai ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ashe lodi ne kuke wa dogon Turanci!
Auduga ta cika bodi ta haura,
mota na rangaji kamar mai juna biyu,
sikeli ko gezau.
Siminti bai kai rabin bodi ba
sifirin ya riga ya durƙusa."

"To wanne zan ɗauka?"

"Ina za ki? Hanya ake tambaya, ba kaya ba.
Kuma tamfol da igiya su ma lodi ne.
Ruwa ya taɓa dukanmu a Bajoga,
tamfol ya sha ya ƙoshi,
shi ya hana mu hawa tudu, ba audugar ba."

Na rubuta a gefen takarda: nauyin tanki.
Na ja masa layi biyu.

Na ce, "Akwai na soja, mai linzami.
Shi shekaru yake kwance a rami yana jiran kira,
sai mai daskararre, mai nauyi, marar ƙorafi."
Ya kau da kai. "Wannan ba lodina ba ne."

Keke Napep ta wuce da buhunan wake.
Mai shayi ya fara kwashe bencinsa.

"In ta sauke kayan, wa ke dawo da motar?"

"Ba ta dawowa, Baffa.
Can take zagaye, ciki wayam."

"Direban fa?"

"Babu."

Ya shafa tayar da yake kai,
inda zanen ya cinye, waya ta leƙo.
Ya daɗe.
Ya ce, "To ku zuba mata daidai.
Kada ta mutu da mai a ciki."