Ƙaro a Cikin Libarba

Ranar kasuwa ce, la'asar ta yi sanyi,
zuga-zugi ya gaji, ni ma na gaji,
lauje uku na kwance suna jiran ƙota,
sai ga Mantau, lakar fadama har gwiwa,
'yarsa Ladiyo na biye da kwandon tattasai.
Ya kwance tsumma a kan uwar maƙera,
ya ce, "Gwadabe, duba mini, ta ƙi magana."

Libarba ce, 'yar mitsitsiya,
tafin hannu ɗaya ya isa ya ɓoye ta.
Tun yana gadin sito a Haɗeja take wurinsa,
shekara ashirin ba ta ci ko zomo ba.

Na fara da abin da ubana ya koya mini:
baki ga bango, a duba ciki tukuna.
Da ƙyar gangar ta buɗe, tana ƙara kamar tsohon ƙyaure,
na zazzage harsashi biyar, na kai su nesa da wuta.

Na ja kunama, ta tsaya rabin hanya
kamar jaki a bakin gada.
Na sake ta, ba ta komo ba.
Na murza gangar da babban yatsa,
ta motsa kamar ƙwayar gero, ta cije.

Na ce tsatsa ce. Na kai ta bakin ƙofa, na duba a haske,
ƙarfe fes, ko ɗigon ja babu.
Na ce to sifirin ya mutu. Na taɓa shi da tsinke,
ya amsa mini, da ransa.
Na ce ko ta faɗi ne sandar tsakiya ta lanƙwashe?
Mantau ya rantse ko sau ɗaya ba ta taɓa ƙasa ba,
a ƙarƙashin katifa take kwana.

Na ɗiga kananzir, na jira, na share.
Datti ya kan bi kananzir ya fito,
wannan bai bi ba.
Na sa bakin allura a lungun da kunama ke kwana,
wani abu ya ɓalle, ja-ja, mai sheƙi,
na ɗora a harshe.

Ƙaro.
Ƙaron dakwara, irin na bayan makarantar boko,
an jiƙa shi, an ɗura da haƙuri, ɗigo bayan ɗigo,
har ramin da ni maƙeri sai na laluba nake samu.
Tsatsa ba ta da wannan wayo.

Ban ɗaga kai da sauri ba.
Mantau na ta zuba: iyakar gona, turken da aka matsar,
Ilu ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya,
taku huɗu na albasa da aka ci masa,
shi dai tsoratarwa kawai zai yi, in ji shi,
tsoratarwa kawai.
Ladiyo na tsaye, tana kankare farcenta
da bakin kwando, ba ta kalli kowa ba.

Na ce, "Mantau, ciwon na ciki ne.
Akwai wani ɗan ƙarfe, sai an aika Kano,
Kanon ma sai an dace.
Bar ta nan sai an cire albasa."
Ya yi tsaki, ya tambayi kuɗi, na ce sai ta warke.
Ya nemi harsashin, na ce ai tare ake gwada su.

Suka fita. A bakin zaure yarinyar ta juyo,
ta zuba mini tattasai cike da hannu biyu
a kan buzun da nake zama, ban saya ba.

Yanzu tana cikin tulu, bayan buhun gawayi.
Shekara arba'in ina gyara, ban taɓa mayar da aiki ba,
fartanya, tarko, kwado, bindigar maharba.
Wannan kuwa na san maganinta sarai:
ruwan zafi rabin moɗa.
Kullum da asuba ina dafa shayi,
ina kallon butar tana tafasa,
in juye a kofi, in shanye duka.